Kai Ƙananan Yara Filin Wasa na Unguwa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da kakanni da masu reno suke yawan maimaitawa idan zancen fita da yara zuwa filin wasa ya taso, musamman yaran da ba su haura shekara shida ba. An fara da abin da ya kamata a sani tun kafin a bar gida, sannan aka shiga abin da ake tararwa a can, kuma duk inda wata amsa ta dogara da wata an nuna.

Wane irin wuri ake nufi da filin wasa na unguwa?

Ƙaramin fili ne da ake iya zuwa da ƙafa ko a adaidaita sahu cikin mintuna kaɗan, mai 'yan bishiyoyi da wurin zama, da lilo ɗaya ko biyu, da sulu, wato tudun ƙarfe ko na roba da yaro ke hawa ta matakala ya zamo ƙasa. Wani yana cikin rukunin gidaje, wani a harabar makaranta ko gidajen ma'aikata, wani kuma ɗan kasuwa ne ya kewaye shi yana karɓar kuɗin shiga.

Ba ɗaya yake da Gidan Zoo na Audu Bako a Kano ba, ko Gamji da ke bakin kogin Kaduna, ko Millennium Park na Abuja wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003. Waɗancan wurare ne na shiri da guzuri, kuma iyalai da yawa ba sa zuwa sai da Sallah, lokacin da cunkoso kan hana ɗan shekara uku ko da taɓa lilo. Suna da daɗinsu, amma rabin awa sau biyu ko uku a mako a filin da ke kusa da gida ya fi yi wa ƙaramin yaro amfani fiye da yini guda a shekara a babban wuri, domin jikinsa da maimaici yake koyo.

Yara suna wasa a gida, to me ya sa sai an kai su wani fili?

Gidan da ke da tsakar gida mai faɗi da yara da yawa ya riga ya samu rabin abin da ake nema. Sai dai iyalai da yawa a birane yanzu suna zaune ne a ɗaki biyu na haya ko a bene, tsakar gidan an shafe shi da siminti, ƙofar gidan kuma ta zama hanyar babura. Dandalin da a da yara ke haɗuwa su yi langa da ɓuya da 'yar gala-gala ya zama shaguna a unguwanni da dama, sai waya da talabijin suka cike gurbin.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, a rarrabe, kuma ga ɗan shekara uku zuwa huɗu minti 60 daga ciki su kasance na guje-guje da tsalle-tsalle. Ta kuma ce ɗan shekara ɗaya bai kamata a zaunar da shi kallon waya ko talabijin ba, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini. Awa uku na motsi ba sa samuwa a falo. Ga kuma abin da ba a aunawa da minti: jiran layi, haƙuri idan wani ya riga shi, da gane iya tsayin da zai hau kafin tsoro ya kama shi.

Daga wane shekaru ake fara kai yaro?

Ko jariri ana iya fita da shi, matuƙar za a zauna a inuwa a shimfiɗa masa zani, kuma ba a lokacin zafi ko ƙura ba. Wanda ya fara tafiya zuwa ɗan shekara biyu, fili da ƙasa da 'yar ƙwallo sun ishe shi, sai ƙaramin sulu idan babba yana riƙe da shi. Daga shekara biyu zuwa biyar ne yaro ke son hawa, amma kayan da aka yi wa 'yan firamare, irin sandunan da ake ratayuwa a kansu da dogon sulu, sun fi ƙarfin hannunsa. Akwai ma'auni mai sauƙi: abin da yaro ba zai iya hawa da kansa ba, kada a ɗaga shi a ɗora shi a kai, domin wanda bai san yadda ya hau ba bai san yadda zai sauko ba.

Wane lokaci ya fi dacewa a fita?

Da safe kafin hantsi ya ɗaga, ko bayan sallar La'asar, a kuma dawo gida kafin Magariba. Iyayenmu sun daɗe suna shigar da yara gida da almuru, kuma ko ta fuskar lafiya dalili na nan, tunda sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro daga faɗuwar rana yake fara cizo.

Sauran bayanin ya danganta da lokacin shekara. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40, kuma ƙarfen da ya sha rana tun safe yana iya ƙona fata ko da ƙarfe biyar na yamma, don haka safiya ta fi. Da hunturu a jira sanyin safe ya sauka, a shafa wa yaro man kaɗe ko basilin a leɓe da ƙafa, kuma ranar da hazo ya rufe gari a bar mai asma ko tari a gida. Da damina kuwa, da zarar hadari ya haɗo an ji tsawa, a sauko da yara daga kan ƙarfe a nemi gini a shiga. Fakewa ƙarƙashin bishiya a lokacin tsawa ba kariya ba ne, haɗari ne.

Me ya kamata a ɗauka?

Ruwan sha daga gida shi ne na farko, sai ɗan abin taɓawa, da sabulu ko ruwan wanke hannu, da kayan canji ɗaya, da filasta da tsumma mai tsabta, da tabarma ko zani na shimfiɗa, da leda ta zuba shara. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi ruwa ko ana zafi. Nono ya wadatar, sai dai a yawaita ba shi. A kai yaro bayan gida kafin a fito, saboda yawancin ƙananan filaye ba su da makewayi mai tsabta.

Akwai tufafin da bai kamata yaro ya hau lilo ko sulu da su ba?

Akwai, kuma wannan na cikin abubuwan da aka fi mantawa. Duk abin da ke zagaye wuya yana iya maƙalewa a ƙusa ko a tsagar ƙarfe alhali nauyin yaron yana jan sa ƙasa: dogon hijabi, gyale, igiyar hular rigar sanyi, zaren laya, sarƙa, da igiyar gorar ruwa. Yarinya ƙarama za ta iya sa ɗan gajeren hijabi da ba ya lilo, ko a cusa ƙasansa cikin riga, ko a cire mata har ta gama hawa. Doguwar riga da zani suna harɗe ƙafa a matakala, shi ya sa wando a ƙarƙashin riga ya fi. Kayan Sallah da takalmi mai santsi na hoto ne, ba na hawa ba. A sa takalmi mai kama ƙafa, domin silifa yana zamewa; dalilin hana tafiya ba takalmi yana cikin amsar da ta shafi wasan ƙasa.

Idan mun isa, me zan duba kafin in saki yara?

A fara da ƙasan da ke ƙarƙashin kayan wasan, saboda yawancin raunukan filin wasa daga faɗuwa suke, kuma abin da yaro ya faɗa a kai shi ke bambanta ƙujewa da karaya. Yashi mai laushi da zurfi shi ake so. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a zuba yashi ko makamancinsa mai zurfin kusan santimita 30, ya kuma bazu kusan mita biyu daga kowane gefe. Siminti da intalok da ƙasar da ta taurare saboda takawa ba su dace da ƙarƙashin abin hawa ba, kuma idan su aka tarar, a taƙaita yaro ga abin da bai fi tsayinsa ba.

Daga nan a ɗora bayan hannu a kan sulu da kujerar lilo na ɗan lokaci. Abin da hannun babba bai jure ba zai ƙona cinyar yaro. A girgiza ginshiƙin lilo a ga ko yana motsi daga tushe, a duba sarƙa da ƙugiyar da ta riƙe ta, a nemi tsatsa da walda da ta buɗe da ƙusar da ta fito. Tsagar da faɗinta yake tsakanin santimita 9 da 23 ita ce mafi haɗari, domin jikin ƙaramin yaro yana wucewa ta ciki amma kansa ya maƙale. A ƙarshe a zaga da ido: ina ƙofa take, tana fuskantar titi ne, akwai rijiya ko kwata ko kududdufi, akwai wayar lantarki ko janareta a kusa, akwai fasasshiyar kwalba? Duk wannan bai wuce minti biyu ba.

Ɗana yana tsoron sulu. In ɗora shi a cinyata mu zamo tare?

A'a, duk da cewa tausayi ne ke sa iyaye yin haka. Likitocin ƙashi sun san wannan rauni sosai: takalmin yaro yana kama gefen sulu, ƙafar ta tsaya, nauyin babba kuma ya ci gaba da turawa, sai ƙashin ƙwauri ya murɗe ya karye. Da yaron shi kaɗai ne, nauyinsa ba zai kai ya karya shi ba. Abin da ya fi shi ne a zaunar da shi a tsakiyar sulun, a riƙe ƙugunsa daga gefe ya zamo ɗan guntun da ya rage, gobe a ƙara sama kaɗan. Idan ya ƙi, a ƙyale shi ya kalli wasu. Yaro yakan ɗauki kwanaki yana kallo kafin ya gwada, kuma kiran sa matsoraci a gaban yara ba ya ƙara masa komai sai ƙin wurin.

Lilo kuma haɗarinsa ya fi yawa ga wanda ke ƙasa. Ɗan shekara biyu bai iya ƙiyasta dawowar lilo ba, sai ya ratsa ta gabansa kujera ta same shi a kai. Filin da za a bari gaba da baya ya kai ninki biyu na tsayin sandar da aka rataye lilon. Mai hawa ya zauna, ya riƙe da hannu biyu, ya jira lilo ya tsaya kafin ya sauka.

Zan iya tura su da yayarsu ko 'yar aiki, ni in zauna a gida?

A al'adarmu yaya tana reno, kuma abu ne mai kyau da ke koyar da ɗaukar nauyi. Amma yarinya 'yar shekara tara ko goma ita ma wasa take so, kuma ba za ta iya tsallakar da ƙanne biyu titi ba, balle ta yanke shawara idan ɗaya ya faɗi ya suma. Ɗora mata wannan nauyi zalunci ne a gare ta idan wani abu ya faru. Dole babba ya kasance a wurin, uwa ko uba ko kawu ko mai reno da ta mallaki hankalinta, kuma maƙwabta suna iya karɓa-karɓa, yau wannan ya kai yaran gida biyu gobe wancan.

Kasancewa a wurin ma ba zama a benci da waya ba ne. Wanda bai kai shekara uku ba, a tsaya inda hannu zai kai gare shi. Wanda ya haura haka, kada ya fita daga gani. Idan manya sun yi yawa a ambaci sunan mai lura da yara a fili, domin inda kowa ke zaton wani na kallo a nan ake rasa mai kallo. Iyaye maza su ma wannan aikinsu ne, kuma yammacin Asabar ko Lahadi a filin wasa na daga cikin lokutan da uba ke sanin halin ɗansa.

Wasan ƙasa ba zai jawo masa cuta ba?

Wasan ƙasa yana cikin mafi amfanin wasanni, kuma datti a riga ba cuta ba ne. Abin gudu shi ne yashin da karnuka da kyanwoyi ko mutane ke bahaya a ciki, domin akwai tsutsotsin da ke shiga ta fatar ƙafa, wasu kuma ƙwayayensu ta baki suke shiga idan yaro ya ci abu da hannu mai ƙasa. A duba yashin, a bar takalmi a ƙafa, a yanke farce, a wanke hannu da sabulu kafin cin komai da kuma bayan an koma gida.

Akwai tsirrai ko dabbobin da za a yi hattara da su?

Darbejiya da mangwaro da tsamiya inuwa ce mai kyau. Waɗanda ake nisanta yara da su sun haɗa da zaƙami, da 'ya'yan bini-da-zugu da na zurman, waɗanda yaro kan ɗauka kamar gyaɗa alhali guba ne, da tumfafiya wadda farin ruwanta ke cutar da ido. Idan ya ci wani abu daga ciki, kada a tilasta masa amai. A tsinki reshen tsiron a tafi da shi asibiti tare da yaron. Kunama da maciji suna fakewa a ƙarƙashin duwatsu da tsofaffin tayoyi da doguwar ciyawar damina. Cizon kare ko yagun kyanwa kuwa, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kuma je asibiti a ranar saboda allurar ciwon haukan kare.

Masu talla suna yawa a bakin fili. Me za a saya, me za a bari?

Ayaba da lemo da duk abin da ake ɓarewa da hannu sun fi aminci. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar leda sun dogara ne da ruwan da aka yi su da shi, wanda mai saye ba ya gani. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri da gugguru suna shaƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba, musamman idan yana gudu da su a baki, don haka ci a zaune ake yi, ba a kan lilo ba.

Yaya zan yi idan ɗana ya hana wasu lilo, ko wani yaro ya ture shi?

Ɗan shekara biyu bai gama gane cewa abu na kowa ne ba, kuma wannan ba rashin tarbiyya ba ne. A yi masa ƙidaya da ƙarfi, a ce idan an kai ashirin sai ya sauka wani ya hau, sannan a cika alkawari ta ɓangarorin biyu. Ƙaramar taƙaddama a bar su su ɗan gwada warwarewa. Idan duka ko cizo ya shigo a raba su nan take. Ɗan wani ana iya dakatar da shi da magana mai taushi, a ce masa ya bari ƙaninsa ya sauka tukuna, amma ba a dukansa. Idan abin ya ci gaba a nemi mahaifiyarsa a yi mata sallama, a gaya mata abin da aka gani ba tare da ɗora laifi ba. Yaran sukan shirya cikin minti biyar, bai kamata manya su kwashi gaba zuwa gida ba.

Ya faɗi. Yaushe ne abin ya wuce a lallashe shi?

Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe. Ba a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Idan jini na zuba a danna da tsumma mai tsabta ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Ƙunar ƙarfe a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki da ƙwai. Idan ƙusa ko ƙarfe mai tsatsa ne ya huda shi, a tafi asibiti da katin rigakafinsa, domin a ga ko ya karɓi allurar Penta ta sati 6 da 10 da 14, wadda ke ɗauke da kariya daga tetanus, wato ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora.

Bugun kai shi ne abin sa ido na yini guda ko biyu. A garzaya asibiti idan ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko yana jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko jini ko ruwa na fita ta kunne. Idan ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi motsa hannu, a fara ɗaukar hoton ƙashi kafin a je wurin mai ɗori, saboda ɗaurin da ya matse gaɓar da ke kumbura yana iya tsayar da jini har a rasa gaɓar. A kuma guji fizgar ƙaramin yaro ta hannu ko lilo da shi ta tsintsiyar hannu, domin gwiwar hannunsa tana gocewa cikin sauƙi.

Ta yaya zan gane zafi ya yi masa yawa?

Yaro ba ya tsayar da wasa ya ce yana jin ƙishirwa, don haka a riƙa miƙa masa ruwa kamar kowane minti ashirin. Alamomin su ne kasala da ƙunci, bushewar leɓe, kuka ba hawaye, da ƙarancin fitsari. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a shafe jikinsa da ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, ko a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan jikinsa ya yi zafi rau kuma hankalinsa ya rikice, wannan na asibiti ne nan take. Zaɓen lokacin fita, kamar yadda aka yi bayani a sama, shi ke kawar da yawancin wannan.

Yana ɗan mura. In kai shi ko in bari?

Yoyon hanci kaɗai ba tare da zazzaɓi ba ba ya hana fita. Zazzaɓi, gudawa, amai, jan ido mai kwantsa, ko ƙuraje irin na ƙyanda da ƙarambau, duk suna nufin zaman gida, domin a filin akwai jarirai da ba su kai wata tara na karɓar allurar ƙyanda ba.

Kullum sai ya yi kuka idan za mu tafi. Akwai dabara?

A sanar da shi tun kafin lokaci ya yi, da abin da yake iya ƙirgawa, kamar a ce saura sulu uku, ko a ce da an ji kiran salla za a kama hanya. A tafi kafin yunwa da barci su haɗu masa. Kada a tsorata shi da cewa za a tafi a bar shi ko dodo zai kama shi. Yaron da ya saba ana dawowa da shi jibi kukansa yakan ragu da kansa.

Kayan filinmu sun lalace, wasu unguwannin ma ba su da fili. Me za a yi?

Abin da ya karye a hana yara hawansa, a ɗaure shi da igiya ko a cire kujerar, sannan a sanar da mai wurin, ko shugabannin rukunin gidajen, ko mai unguwa da kansila idan na hukuma ne. Gyaran sarƙar lilo da toshe bakin ƙarfe aikin mai walda ne na yini ɗaya, kuma tifa ɗaya ta yashi kuɗin da gidaje goma za su iya haɗawa ne. Wanda ke karɓar kuɗin shiga kuwa wajibinsa ne ya gyara, kuma iyaye suna da damar gaya masa haka.

Inda babu fili, a nemi izinin shugaban makarantar firamare ta unguwa a yi amfani da harabarta da yamma, ko a share wani kango da yardar mai shi, a kwashe kwalabe da ƙusoshi, a binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa bayan an huda su don kada ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa. Idan za a rataya lilo a bishiya, a zaɓi reshe mai rai da kauri, babba ya fara gwada shi da nauyinsa, a kuma kwance igiyar a tafi da ita gida duk lokacin da ba babba a wurin.